Galan Biyu Zuwa Goronyo

Shekara goma sha ɗaya Malam Yusha'u yana tuƙa motarsa, wata tsohuwar Golf mai dogon baya, tsakanin Rabah da Wurno da Goronyo, kuma ba wanda ya taɓa jin zuwanta sai ta iso. Mota ce mai sanyin murya. In ta tsaya a tasha da inji a kunne, sai ka kara kunne a jikinta kafin ka ji tana ɗan gurnani kamar kyanwar da ta ƙoshi. Kowace Talata da Alhamis ita ke ɗaukar Malama Dinah, ma'aikaciyar lafiya 'yar Zuru da ta daɗe a Rabah, da akwatin sanyinta na allurar riga-kafi, su shiga ƙauyuka.

Tun shekarar da aka hana sayar da fetur a jarka saboda ɓarayin daji, direbobin tashar suka yi wani shiri da 'yan sa-kai. Duk motar da za ta shiga ƙauye, a gaban idonsu za a zuba mata mai cikin tanki, in ta dawo kuma su leƙa kibiyar geji su gani. Shugaban 'yan sa-kan Sa'adu ne, tsohon maharbi, wanda aka kashe wa ƙane a gona. Tun daga lokacin bai yarda da kowa ba, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne mutumin gari da zai tsiyaye mai daga tanki ya miƙa wa na daji. Motar Yusha'u kuwa har an daina leƙa ta. Kowa ya san cinta.

Abin ya faro ne ranar suna. Mahbuba, 'yar farin Yusha'u, ta haihu a Goronyo, inda take auren wani makanike mai suna Ja'afar. Yusha'u ya kwaso mata cike da mota ya sauke su, ƙofar gida kuma ba wurin ajiya, sai ya bar motar a inuwar garejin surukin nasa, ya miƙa makulli, ya tafi wajen dattawa. Ya yi azahar a can, ya ci abinci, ya yi la'asar. Da ya dawo sai ya tarar da samari sun kewaye motar, an ɗaga murfin inji.

Baƙin akwatin nan da matatar iska ke zama a ciki babu shi. A gurbinsa an ɗaura wani jan abu mai siffar mazurari, mai ninki-ninki kamar an tattara lefen rawani, yana zaune tsirara a gefen inji. Ya zaga baya. Tsohuwar salansar hayaƙi ma babu ita. An saka wata sabuwa tana ƙyalli kamar sabon kwano, bakinta ya isa kaza ta shiga ta yi ƙwai.

Ja'afar ya tsuguna can nesa, kai a sunkuye, yana magana da ƙasa kamar yadda suruki ke yi.

"Baba, ɗan abin da yas samu na, a yi haƙuri. Daga Sakkwato nis sa anka kawo. Inji awa mutum yake, in hanci ya buɗe, baya ya buɗe, ba shi wahala. Yanzu rabin man da taka sha shi za ta sha."

Yusha'u ya dubi jan mazurarin, ya dubi mutanen da ke kallonsa. A ƙasarsu mutum ba ya ja-in-ja da mijin 'yarsa, balle 'yar fari wadda ko sunanta bai taɓa kamawa ba. Ba ya tambayarsa dalili, ba ya mayar masa da kyauta, kuma ranar suna ce. Ya murza makulli. Motar ta yi wata tsawa da ta sa awakin unguwar suka watse, wani jaki ya kama kuka, mata a cikin gida suka rangaɗa guɗa.

"Allah shi yi albarka," in ji Yusha'u. Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

A hanyar komawa, in za a faɗi gaskiya, abin ya ɗan yi masa daɗi. Da suka miƙe titin da ya ratsa gonakin shinkafa wajen Wurno, ya taka totur, motar ta yi ruri, balbelu suka tashi gaba ɗaya daga fadama kamar an yaye farin zane an wurga sama. Ya sake takawa don ya sake ganinsu. Shekara hamsin da bakwai bai taɓa tayar da tsuntsu daga nesa ba. Sai da suka kusa gida ya lura kibiyar mai ta sauka inda ba ta saba sauka ba. Ya ce wa kansa nauyin mata ne da kayan suna.

Ranar Talata suka nufi Maikujera da Malama Dinah. Tun kafin su hango rumbunan garin, mutanen garin sun ji su. A wannan yankin, ƙarar da ke tahowa daga nesa tana tsaga daji ba ta da fassara biyu. Da suka shiga gari ba kowa, sai tukunya a kan wuta da takalmin yaro guda a tsakiyar hanya. Mata sun goya 'ya'ya sun faɗa cikin dawa. Sai da Malama Dinah ta hau kan wani turmi tana kiran mata da sunayensu kafin suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, suna huci, suna hararar motar.

"Baba Yusha'u, wannan wace irin masifa ce ka ɗauro wa motarka?" ta ce da shi a hanyar dawowa. "Wata tsohuwa ta faɗi ta gurje gwiwa saboda mu. Wa ya yi maka wannan aikin?"

"Gyara na anka yi," ya ce, ya kafe idonsa a kan hanya.

Saura tafiya kaɗan su shiga Rabah motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Mai ya ƙare. Man da a da yake kai su Maikujera ya dawo da su har ya rage na zuwa Wurno. Amalanken shanu ce ta jawo su cikin gari, Malama Dinah tana rungume da akwatin sanyi tana duba ƙanƙara. Sa'adu yana zaune a bencinsa na tasha ya ga shigowarsu. 

Alhamis suka je Sisawa. Yusha'u ya yi tafiyar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, duk da haka suka dawo kibiya kwance a ƙasa. Talata ta zagayo, haka. Bayan motar ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, in ta tsaya warin ɗanyen mai ke tashi. Ranar ce Sa'adu ya miƙe daga bencinsa, ya leƙa geji, ya ɗago, ya yi magana da ƙarfi yadda masu shayi da masu lodi duk za su ji.

"Malam Yusha'u, shekara nawa muna ganin motag ga? Mun san cinta. Sau ukku ke nan kana hita da mai kana dawowa babu. Ina kaka sauke shi?"



"Mi kac ce?" in ji Yusha'u.

"Na ce ina kaka sauke shi. Tsakanin nan da Maikujera akwai masu so."

Yusha'u ya zuba masa ido. Shi? Shi da ya ɗauko gawar ƙanen Sa'adun nan daga gona a bayan wannan motar, ya wanke jinin da hannunsa? Shi da ɓarayin suka kora masa shanu biyu na noma? Ya buɗe baki. Magana ɗaya ce za ta fitar da shi, ya ce surukina ya lalata mini mota. Ya dubi direbobin da ke wurin, rabinsu a garejin Ja'afar suke gyara in sun je Goronyo. Ya rufe bakinsa, ya shiga mota, ya tafi gida da rurin nan yana bin sa kamar ana yi masa ihu.

Irin wannan magana ba ta tsayawa a tasha. Kafin Juma'a ta kai kasuwa. An san mutanen da aka faɗa wa irinta a wasu garuruwa, an san kuma yadda aka wayi gari ba su. Asibiti suka aiko cewa a dakata da zuwa ƙauye tukuna. Malama Dinah ta zo da kanta har zaure, ta rantse ba ta taɓa ganin ya tsaya a hanya ba, amma Sa'adu ya ce ai tana shiga gidaje yin allura, awa biyu ba ta ganin mota.

Kulu, matar Yusha'u, ta tare shi a tsakar gida, ta ajiye muciya.

"Malam, kashe ka za su yi kana kunya. Kira yaron ga ka ce shi zo shi kwashe tarkacenai."

"In ce mai mi? In ce kyautar da yay yi mani gaban mutane ranar sunan ɗanai ita ta jawo man bala'i? Gobe wa ka kai mai gyara? Ita ta Goronyo da wane ido za ta dube shi?"

"To bari ni in kira ta."

"Jego takai. Kak ki soma."

"Kai dai ka san abin da kaka yi. Motar da ko kaza ba ta tadawa, yanzu in ka taho tun daga gada nika ɗora ruwan wanka."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a kan tabarma yana kallon motar ta ƙofar zaure, yana jin haushin kowa: haushin Sa'adu, haushin yaron da ya taɓa abin da ba a sa shi ba, haushin wanda ya ƙera jan mazurari a can wata ƙasa da ba ta san hanyar Maikujera ba, da haushin kansa da ya yi ta takawa don kallon balbelu.

Asabar da hantsi ya tsayar da motar a tsakiyar tasha, ya fito ya tsaya a gaban bencin Sa'adu.

"Tashi. Ga tiyo, tsiyaye tankin ga da hannunka har shi bushe. Ka auna galan biyu ka zuba. Ku direbobi, galan biyu na kai irin wagga mota Goronyo ko ba ya kaiwa?"

"Yana kaiwa har shi rage," in ji wani daga cikinsu.

"To ka ji. Ka rufe tankin da abin da kag ga dama, ka shigo ka zauna kusa gare ni. In mun kai Goronyo, abin da kac ce gaskiya na, ka yi man abin da kuka yi ma irinsu."

"Don mi Goronyo?"

"Nan nika son zuwa."

Sa'adu ya tsotsi tiyon da bakinsa, ya tofar, ya tsiyaye man tas. Ya auna galan biyu. Ya ɗaure murfin tankin da zaren buhu, ya yi ƙullin maharba, ya narka ƙaro ya liƙe ƙullin, ya danna babban yatsansa a kai. Da ya shiga mota sai ya sunkuya yana kallon ƙafar Yusha'u.

"Na san dabarar direbobi. Kana iya taka ta da gangan ta shanye."

Yusha'u ya cire takalminsa na dama ya ɗora wa Sa'adu a cinya. Da babban yatsan ƙafa kaɗai ya tuƙa, yana taɓa totur kamar mai gwada zafin ruwa. Babura suka yi ta wuce su. Wata tifa cike da albasa ta wuce su, yaran mota suna yi musu dariya. Sa'adu ido ɗaya a kan yatsan, ido ɗaya a kan kibiya, kibiyar kuwa tana sauka a gabansa ba mai taɓa ta. A Wurno ta riga ta wuce inda ya kamata. Sa'adu ya sa aka tsaya, ya zaga ya duba ƙaronsa, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin mota ko tana yoyo. Ƙasa a bushe. Ya dawo ya zauna.

Suna hango gidajen farko na Goronyo motar ta yi tarinta ta mutu.

"Sauka mu tura," in ji Yusha'u.

Haka suka shiga gari, dattawa biyu suna tura mota da rana tsaka, ɗaya da takalmi guda, ɗaya da bindigar toka a rataye. Yusha'u yana riƙe da sitiyari ta taga, bai karkata ko'ina ba sai garejin Ja'afar. Ja'afar ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya ga wanda ke turi, ya ga mai bindiga, ya zube a ƙasa.

"Baba, lahiya? Mi ya hwaru?"

Yusha'u bai dube shi ba. Ya juya masa baya, ya dafa motar, ya fara yi mata faɗa da murya sama, yadda duk garejin zai ji.

"Ke! Shekara goma sha ɗaya muna tare, na taɓa hana ki mai? Na taɓa barin ki da ƙishi? Galan biyu daga Rabah ki kasa kawo ni Goronyo! An buɗe maki hanci, an buɗe maki baya, an ce za ki rage ci, ke kuwa kin zama kura. Kin kori matan Maikujera cikin dawa da goyo. Kin sa an tsaida ni tsakiyat tasha an ce ni ka kai ma ɓarayi mai. Ni! Da hurhurata! Asibiti sun sallame ni, mutane sun bar gaida ni, ga mutum da bindiga kin sa shina biya ta. Mi niy yi maki?"

Ya doki rufin motar da tafin hannu. Ba wanda ya yi dariya. Ja'afar ya tashi ba tare da ya ɗaga kai ba, ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar. Ya daɗe a can. Da ya fito yana riƙe da bakin wata 'yar waya da ke reto, zafi ya ƙone mata baki. Ya buɗe murfin inji, ya kwance jan mazurarin, ya buga shi a ƙasa, jar ƙasa ta zubo kamar an juye kwano. Ya zura yatsa cikin bututun da ke bayansa, yatsan ya fito da ƙura.

Ja'afar ya juya ya yi maganar da Sa'adu, don ba zai iya yi da surukinsa ba.

"Kawu, wagga wayar ita ka shinshina hayaƙi ta gaya ma inji man da za shi sha. Jikin tsohon bututu take, da munka yanke shi munka hidda ita tare. In babu ta, inji ba shi san ƙoshi ba, zuba kawai shikai. Wanga kuma," ya nuna mazurarin da ƙafa, "iskan zahin inji shika ja, ga shi ya toshe. Na gani cikin bidiyo a waya an ce yana rage shan mai. Motocin da nig gani bisa kwalta suke." Ya nuna ƙirjinsa. "Baba bai sai da ko ɗigo ba. Ni na."

An samo tsohon akwatin matata a bayan gareji, kaji na shan ruwa a cikinsa. Tsohon bututun da salansar kuwa an ba wani manomi ya ɗaura wa injin ban-ruwansa a fadama, sai da Ja'afar ya hau babur ya je ya roƙo. Har la'asar yana walda, gumi na zuba, bai yarda kowa ya kama masa ba. Yusha'u yana zaune a inuwa ya ba shi baya. Daga cikin gida aka aiko da fura, ya sha, ya ce a ce wa masu gida yana gaishe su.

Da aka zuba mai aka murza makulli, motar ta tashi a hankali. Sa'adu ya gyara ratayar bindigarsa, ya yi gyaran murya.

"To, Malam Yusha'u, magana ta wuce. Sai a yi haƙuri. Ka san halin da muke ciki."

"Ba ta wuce ba."

"Ai na gani da idona."

"Kai kag gani. Masu shayi ba su gani ba. Ba cikin kunne kaf faɗa man ba, Sa'adu, tsakiyat tasha kat tsaya. Hiddo wayarka."

Sa'adu ya dube shi, ya dubi makanikan da suka bar aiki suna kallo. Ya ciro wayar. Ya kira mataimakinsa a Rabah, ya ce ya je tasha ya buɗe muryar wayar a gaban mutane. Aka jira. Can aka ji hayaniyar tasha ta fito daga 'yar wayar, da ƙarar cokali a kofin shayi. Sa'adu ya faɗi abin da ya gani, galan biyu da ƙaro da wayar injin da aka yanke. Ya ce gyara ne ya zo da kuskure, bai kama sunan kowa ba. Ya tsaya.

"Saura," in ji Yusha'u.

Sa'adu ya share gumin goshinsa da hannun riga, ya kai wayar bakinsa.

"Ni Sa'adu na yi ma Malam Yusha'u ƙazahi. Wanda duk yaj ji daga bakina, shi mayar."

Daga can aka ji wani ya ce a sake faɗa, masu lodi ba su ji ba. Yusha'u ya harɗe hannuwa ya jingina da motarsa, Sa'adu kuwa ya sake faɗa tun daga farko.